Saukar Ungulu

Mutanen Unguwar Kanya, wani ƙauye a bakin babban kanal na ban-ruwa tsakanin Kura da Bunkure, ba su san rashin ruwa ba. Rani da damina yana wucewa ta bayan gidajensu, su noma shinkafa, su noma alkama, su yi tumatir da albasa har manyan motoci su shigo ɗauka. Wutar lantarki ce ba su da ita. An kafa musu turakunta da daɗewa, aka tafi kawo waya, ba a dawo ba, mata suka mayar da turakun wurin ɗaure awaki.

A shekarun da wayar salula ta fara shiga ƙauyuka, gidan Iya Kubra ne kaɗai ke da janareto. Ƙarami ne, mai yawan tari. Bayan la'asar ake tayar da shi, maƙwabta su kawo wayoyinsu a jera a kan tabarma su sha caji, ana kiran magariba a kashe. Babban ɗan Iya, Malam Ibrahimu, shi ya saye shi, amma ba ya ganin aikinsa, don kullum yana gona sai duhu ya koro shi. 'Ya'yansa biyu, Garzali mai shekara goma sha huɗu da Surayya mai goma sha ɗaya, a wurin kakarsu suka fi zama. Sai kuma autan Iya, Dalhatu, ɗalibi a jami'a a Kano.

Bazarar wata shekara malaman jami'a suka shiga yajin aiki, Dalhatu ya dawo gida da kwamfuta a cikin kwalin sabulu. Tsohuwa ce, a hannu ya saye ta, ya ce don rubutun makaranta. Aka ɗora ta a kan teburi a ɗakinsa mai fuskantar tsakar gida, aka ja mata waya daga janareto. Rubutun makaranta ya samu rabonsa a satin farko. Bayan nan aka gano akwai gem a cikinta, wato wasan kwamfuta, wanda mai ita na farko ya bari.

Gem ɗin na yaƙi ne. Jirgi ake tuƙawa, mai saukar ungulu, amma ɗan ƙarami, gabansa duk gilashi, kamar ƙwai aka sa wa farfela da wutsiya. Yana da bindiga a kowane gefe, da 'yan rokoki, da benci daga waje inda sojoji ke zama ƙafafunsu na lilo a iska. Aikinsa ya riga kowa zuwa, ya leƙa ya gano inda abokan gaba suka girke manyan bindigoginsu, ya harbe waɗanda zai iya, sannan ya wuce wani gari mai farar ƙasa ya ɗauko mutanensa huɗu da suka maƙale a saman wani bene. Ba shi da ƙwarin jiki, harbi kaɗan ya fara hayaƙi. Sauri yake da shi, da iya juyi.

Dalhatu ya nuna wa yaran yadda ake yi. "Wannan maɓallin sama, wannan ƙasa. Wannan abin mai wutsiya sunansa maus, shi ne hancin jirgin. Kin sunkuyar da hanci ya yi gaba, kin ɗaga ya rage gudu."

"Sauka fa, Baffa?" in ji Surayya.

"Sauka," in ji Dalhatu, "ban kai wurin ba tukuna."

Gaskiya ya faɗa. Ya iya tashi, ya iya harbi, idan ya gaji kuma ya miƙe ya bar jirgin ya yi yadda ya ga dama.

Ya raba musu lokaci yadda ake raba ruwa a gona: na sama ya sha, sannan a buɗe wa na ƙasa. Garzali ne na sama. Shi ba ruwansa da bene. Tankokin mai yake nema ya fasa, idan harsashi ya ƙare ya kai wa bango karo, ya tashi yana dariya ya ba ƙanwarsa kujera.

Surayya ta fara kamar kowa. Ta tashi jirgin ya riƙa juyi a wuri ɗaya kamar akuyar da ta naɗe igiyarta, ta afka wa bishiyar dabino, ta faɗa rafi. A hankali hannunta ya zauna. Ta gane cewa idan ta yi sama sosai kowa na ganinta, sai ta riƙa bin rafin ƙasa-ƙasa, kamar mai bin bakin kanal zuwa gona. Ta koyi laɓewa a bayan tudu, ta ɗago kaɗan ta leƙa, ta koma, ta zagaya ta bayan bindigar ta sakar mata roka ɗaya. Ba ta ɓarnar harsashi. Garzali ya ce tuƙinta irin na masu kai amarya ne.

Wata yamma ta isa garin. Ga benen, ga mutane huɗu a samansa. Uku suna kai da komo, ɗaya ya durƙusa a gefe yana ɗaga hannu, koren hayaƙi na tashi kusa da shi. Ana harbinta daga lungunan garin, don haka ta taho da gudu, ta danna maɓallin ƙasa. Jirgin ya daki bakin benen, ya kife, ya kama da wuta. Daidai nan aka kira magariba, Dalhatu ya miƙa hannu zai kashe.

Surayya ta dubi mutanen ta ce, "Ina zuwa."

Kowa ya san wannan magana. Ita mutum ke faɗa idan zai tashi daga hira, ko zai dawo ko ba zai dawo ba, kuma ba mai riƙe shi da ita. Amma Iya tana bakin ƙofa da faifai a cinya tana tsince tsakuwar shinkafa, ta ji.

"Su wa kike ce wa kina zuwa?"

"Mutanen cikin gem ne, Iya."

"Me suke yi a can?"

"Suna jiran a ɗauko su."

"Wa ya kai su?"

Ba wanda ya sani. Dalhatu ya ce haka ya same su.

"Tun da ka sayi abin suna nan ke nan."

"Iya, ba mutane ba ne. Zane ne."

"Na ga zane ne, Auta, ba makauniya ba ce ni. Amma ita ba zane ba ce, kuma da bakinta ta ce musu tana zuwa." Ta zubar da tsakuwar hannunta. "Gobe sai ki je."

Washegari Surayya ta je, ta sake dukan benen. Jibi ma haka. Iya ta jawo kujerarta 'yar tsugunno ta kafa a bakin ƙofa, ta mayar da wurin nan wurin tsintar shinkafarta. Lokacin Garzali ba ta ɗaga kai. Da ta ji an ba Surayya kujera sai ta ajiye faifan. Cikin 'yan kwanaki ta san mutanen huɗu. Mai durƙuson ta sa masa suna Dattijo, don shi ne ba ya tsalle-tsalle.

"Dattijo yana nan?"

"Yana nan, Iya."

"A ranar nan?"

"A can kullum rana ce."

"Allah sarki."

Da safe idan Surayya ta durƙusa gaishe ta, sai an gama tambayar kwana da gajiya, sannan Iya ta ce, "Ya mutanenki?" Ba da faɗa take tambaya ba, ba kuma da wasa ba. Yadda take tambayar wanda ke da mara lafiya a asibiti haka take yi. Da faɗa take yi da ya fi sauƙi. Surayya ta fara jin nauyin zuwa gaisuwa. A Islamiyya ana bita ita tana juya hannun dama a kan cinya kamar mai riƙe da maus.

Abin da ke kayar da ita ɗaya ne. Idan ta taho a hankali tun daga nesa, a harbo ta kafin ta iso. Idan ta taho da gudu, ba ta iya tsayawa. Ta san ɗaga hanci yana rage gudu, amma da ta ɗaga sai benen ya ɓace mata, ba abin da take gani sai sararin sama, sai tsoro ya kama ta ta sake sunkuyarwa. Wata rana farfelar ta kusa share Dattijo. Iya ta ce, "Gara ki bar shi a rana da wannan."

Ana cikin haka rediyo ta ce an janye yajin aiki. Dalhatu ya ce jibi da safe zai koma, ya fito da kwalin sabulu daga ƙarƙashin gado ya kakkaɓe. Ya rage wa Surayya yammar yau da ta gobe.

Yammar nan ta faɗi sau biyu. A na biyun Iya ta ce, "Auta, yaya ka ce sunan jirgin nan?"

"Mai saukar ungulu."

"To ai ita saukar shirwa take yi. Shirwa ba ta sauka, fizga take yi ta wuce. Ke kin taɓa ganin ungulu ta sauka?"

Surayya ta yi tunani. Ta san ungulu a baki, ana zagin mai sanƙo da ita. Ta taɓa hango wani abu can sama aka ce mata ita ce. Saukarta kam ba ta taɓa gani ba.

"Yaya take yi, Iya?"

Iya ta buɗe hannuwa, ta ɗan ɗaga kafaɗu, ta tsaya. "Gwiwata ba za ta bar ni ba. Da muna yara ko akuya aka yanka sai sun cika katanga. Gobe kasuwar Kura. Auta, ka kai ta kwata ta gani, ku taho min da ƙashin miya."

"Iya, gobe zan yi wanki, in haɗa kaya."

"Kai ka kawo mutanen nan gidan nan."

Garzali ya ce a gaishe masa da malamar tuƙi.

Da hantsi Dalhatu ya ari babur ɗin yayansa, ya sa farar rigarsa da ta rage mai tsabta, ya goya Surayya. Suka bi bakin kanal. Tumatir ya zo ƙarshe, an bar ragowar ya nuna ya fashe a gonaki, wasu har sun fara sakin ruwa a fadamun shinkafa. Suka hau titi, suka wuce injinan casar shinkafa da tulin ɓuntunsu, suka shiga Kura.

A kwata, inda ake yanka, Dalhatu ya nemi Baba Sammani, wani mahauci da Iya ke sayen nama a wurinsa tun kafin a haife shi. Suka gaisa, aka tambayi Iya da gwiwarta, aka sara ƙashin miya aka naɗe. Sannan Dalhatu ya ɗan rage murya.

"Baba, ungulu muke nema."

Baba Sammani ya dube shi, ya dubi yarinyar. "Kai ma? Da karatunka?"

"Ba magani za mu yi ba. Kallo za mu yi. Yarinyar nan ce ke son ta ga yadda take sauka."

"A makaranta aka ce?"

"Jirgi take tuƙawa."

Baba Sammani ya goge wuƙarsa a gefen teburi. Mutum ne da ya daɗe a kasuwa, ya ji abubuwa da yawa. "To," ya ce. "Kun makara da shekaru. Da, sai mun sa yaro da sanda. Yanzu wasu sun ce masu magani ne suka kame su, wasu sun ce guba suka ci. Ni dai na san na daina asarar hanji. Akwai wata guda da takan zo bayan kwata idan an zubar da kayan tumbi. Ba kullum ba. Ita ma ta tsufa."

Ya ba su benci, suka kai shi ƙarƙashin wata darbejiya a bayan kwata, suna fuskantar juji. Wari ya yi musu sannu da zuwa. Surayya ta ja hijabi ta rufe hanci, ta ɗaga kai sama. Shirwa biyu suka zo suka fizga suka wuce. Hankaki ya zo. Kare ya zo ya dube su, ya ɗauki abin da zai ɗauka. Aka yi azahar, Dalhatu ya je ya yi salla ya dawo, ya tsaya gadi ita ma ta je ta yi a gidan Baba Sammani da ke kusa. Ya duba agogo ya ce, "Surayya, idan muka wuce la'asar a nan, kin rasa yammar ma gaba ɗaya."

"Kaɗan dai, Baffa."

"Ko in kwatanta miki? Na taɓa gani ina yaro."

"Yaya take yi?"

"Sauka dai take yi," ya ce.

Inuwar darbejiya ta yi tsawo ta gabas lokacin da Baba Sammani ya leƙo ta kan katanga ya nuna sama da wuƙa. Wani ɗigo ne baƙi. Ya daɗe yana zagaye, yana girma a hankali, har ya zama tsuntsuwa mai gashi a yamutse, fiffike ɗaya da giɓi. Mahauta biyu suka bar aiki suka fito kallo, don su ma sun kwana biyu ba su gan ta ba.

Ta zagaya jujin ta duba shi ta kowane gefe. Sannan ta taho, kuma da gudu ta taho, ba a hankali ba, ƙafafunta a sake suna reto. Surayya ta ɗauka za ta daki ƙasa. Saura kaɗan sai ta ɗaga ƙirji, ta buɗe fikafikan gaba ɗaya kamar mai shanya zane, jikinta ya miƙe tsaye a iska. Gudun ya mutu. Ta daidaita, ta sauko ɗan abin da ya rage a tsaye, ta dira, ta yi ɗan tsalle ɗaya ta gyara tsayuwa.

"Kin gani?" in ji Dalhatu. "Mu tafi."

"Ban ga kanta ba. Ina take kallo lokacin da ta ɗaga ƙirji? Baffa, ka sa ta sake."

Dalhatu ya dubi farar rigarsa, ya dubi jujin. Ya tattare ƙafar wando ya shiga yana tafa hannu. Ungulu ta dube shi, ta ɗan matsa gefe ta ci gaba da abin da take yi. Sai da ya bi ta da gudu sannan ta tashi. Mahautan ba su yi dariya ba. Ɗaya dai ya tambayi Baba Sammani a wace jami'a yaron yake.

Ta zagaya ta dawo. Wannan karon Surayya kan kawai ta kalla. Da ƙirjin ya tashi, ungulu ba ta ganin wurin da za ta dira, yana ƙarƙashinta. Ba ta damu ba. Ta riga ta gan shi tun tana zagaye, ta san yana nan.

"A sake?" in ji Dalhatu daga cikin juji.

"Sau ɗaya."

Ya sake korar ta. Ta tashi, ta zagaya, ta dube shi da kyau, ta miƙe wajen Bunkure ba ta dawo ba.

"Ka kore min baƙuwa," in ji Baba Sammani. "Ka gaida Iya."

Sun iso gida janareto ya riga ya tashi, wayoyi na kan tabarma, Garzali ya sha nasa rabon har ya ɗan taɓa nata. Iya ta karɓi ƙashin miya, ta shinshina iska wajen Dalhatu, ta ce ya bar takalmansa a waje. Ta zauna a kujerarta ba faifai.

Surayya ta tashi jirgin. Ta bi rafi, ta laɓe a bayan tudu, ta kashe bindigar farko. Ta biyun ta sami jirgin kafin Surayya ta same ta, ya fara ɗan hayaƙi ta wutsiya. Ta shiga garin. Maimakon ta nufi benen kai tsaye, sai ta zagaya shi, harsashi na bin bayanta, ta duba faɗinsa, ta ga inda wani tankin ruwa yake a samansa, ta ga inda Dattijo ya durƙusa.

"Yawo kika zo yi?" in ji Garzali.

Ta ja baya, ta juyo, ta taho da gudu. Bakin benen ya taso mata. Ta ja maus, hanci ya tashi, benen ya ɓace, sararin sama ya cika gilashin. Hannunta ya so ya sunkuyar. Ta riƙe shi. Ta ji ƙarar farfela ta sauya, ta daidaita hancin, sai ga tankin ruwa a gefenta, a tsaye cik, ba ya gudu. Ta danna maɓallin ƙasa kaɗan-kaɗan. Jirgin ya dira, ya yi ɗan tsalle, ya zauna.

Mutane uku suka ruga suka hau benci. Dattijo ya miƙe. Ashe dogo ne. Ya taho a sunkuye ya zauna ta hannun dama.

"Ashe yana da ƙafa," in ji Iya.

"Saura ki kai su gida," in ji Dalhatu. "Can ma sauka ce."

Ta tashi da su. Jirgin ya yi nauyi, hayaƙin ya ƙaru, ta bi rafin ta koma ba ta tsaya harbin kowa ba. Garzali ya nuna mata wata tankar mai da ke tsaye ita kaɗai a fili, ya ce haram ne a wuce ta. Iya ta ce masa mai ɗauke da mutane ba ya tsayawa wasa. Janareto ya yi tari mai tsawo, hasken gilashin ya dushe ya dawo. Dalhatu ya fita da sauri ya karkata shi don ragowar man ya gangaro, ya tsaya a can riƙe da shi, yana tambaya ta taga, "Ta kai?"

Sansanin da jirgin ke tashi fili ne mai faɗi, ba mai harbi. Duk da haka ta zagaya shi sau ɗaya. Ta ɗaga hanci, ta daidaita, ta sauka, wannan karon ko tsalle babu. Mutanen huɗu suka dira suka nufi wata rumfa a guje, Dattijo a baya, suka shige ba wanda ya waiwayo.

"Ko sannu," in ji Iya. Ta dafa bango ta miƙe. "To, alhamdu lillahi. An fita haƙƙinsu. Bari in ɗora miya." Ta ɗauki kujerarta ta nufi madafa.

Garzali ya ce sa'a ce, ya fita duba wayoyi. Surayya ta rage ita kaɗai a gaban kwamfuta. Wani rubutun Turanci ya fito ya wuce. Sai hoton ya sauya. Wani wuri ne dabam, mai duwatsu, da gada a kan kogi, rabinta ya karye. A kan ragowar rabin akwai mota a kife, da mutane a bayanta, sun fi na benen yawa. Ɗaya ya hau kan motar yana kaɗa riga. Jirginta yana tsaye a sansani, an gyara shi, farfela na juyawa a hankali.

Ta waiwaya. Iya tana madafa tana fasa itace, ba ta gani ba. Kwalin sabulu yana bakin gado a buɗe. Daga masallaci aka fara gwada lasifika mai batir.

"In saki?" in ji Dalhatu ta taga. "Hannuna ya gaji."

Surayya ta dubi mai kaɗa rigar. Bakinta ya buɗe da kansa, ta rufe shi.

"Saki, Baffa."

Ta gane cewa kwamfutar za ta tafi da safe, kuma waɗannan ba ita za ta ɗauko su ba, don haka ba ta ce musu komai ba.